Hirarmu kan cizon ƙwari a Mai Wurno ta ƙasar Sudan

Bayan la'asar hira ta faɗa kan cizon ƙwari. Wata dattijuwa ta ce kuɗin cizo a jere yake barin tabo, kuma yawancin abin da ake ɗora wa gizo-gizo maruru ne. An yarda a wanke wurin da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma, ban da susa. Kan kunama aka fi daɗewa. Malamin asibitin da ke cikinmu ya hana tsagawa da reza ko tsotsar dafi, na kuwa ga gaskiyarsa. Yaro in ta harbe shi, sai asibiti nan take, haka wanda rina ta harba numfashinsa ya sarƙe. Masu zuwa noma Gadarif, a gabashin Sudan, kuma, in zazzaɓi ya ƙi tafiya, a yi musu gwajin kala-azar, ciwon da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa.