Wahalar da ke koyar da kai da wadda ke cinye maka lokaci a wasan bidiyo

Sadauki88:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da muka sani kan wahalar da ke sa mutum ya ajiye wasa bai gama ba, alhali yana son wasan. Ba wasa mai wuya kawai nake nufi ba, domin akwai mai wuyar da za ka mutu sau hamsin kana ƙara jin ƙarfin gwiwa. Ina nufin wanda a mutuwa ta biyar zuciyarka ta fara tafasa. A ganina bambancin yana cikin tambaya biyu: ka san abin da ya kashe ka? Kuma nawa za ka biya kafin ka sake gwadawa? Don Allah kowa ya kawo sunan wasa da abin da ke faruwa a cikinsa dalla-dalla, kada mu tsaya a "wasan nan ya yi wuya".

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam Sadauki. Tambayarka ta biyu lissafi ce, bari mu yi shi. A ce bos, wato babban abokin gaban da ke tare maka hanya, yana kashe ka cikin sakan 20 saboda ba ka gane salonsa ba tukuna. Lodin, wato jiran wasan ya sake buɗewa, ya ci sakan 30, gudu daga zangon da aka dawo da kai zuwa ƙofar bos ya ci sakan 90. Kowane zagaye sakan 140 ke nan, kuma 20 ne kawai kake koyon wani abu a ciki. A awa guda za ka samu gwaji kusan 25, wato faɗan da ka yi duka bai kai minti tara ba. Sauran minti hamsin da ɗoriya kallon allo ne da gudu a hanyar da ka riga ka haddace.

To ɗauki wannan bos ɗin dai, amma wasan ya dawo da kai cikin sakan 3 a gabansa. Gwaji ya haura 150 a awa guda. Ƙarfin bos bai ragu ko kaɗan ba, amma hannunka yana riƙe da abin da ya koya, domin bai huce ba kafin gwaji na gaba. Abin da Super Meat Boy na 2010 da Celeste na 2018 suka gane ke nan. A Celeste mutum na iya mutuwa sau ɗaruruwa a babi ɗaya, amma kowace mutuwa tana mayar da shi farkon wannan allon ne, nan take.

Su kansu FromSoftware, kamfanin da ya yi Dark Souls da Bloodborne da Elden Ring, sun gyara hannu a kan wannan. A Dark Souls na 2011 sau da yawa wutar da kake hutawa tana nesa da bos, sai ka ratsa abokan gaba kafin ka isa, wani lokaci ka isa da rabin jini. A Elden Ring na 2022 sun kafa gumakan Marika kusa da bos da yawa domin a dawo da kai nan. Bloodborne kuwa ya fito a 2015 da lodin mai tsawo bayan kowace mutuwa, har sai da suka rage shi da gyara daga baya.

Maman Hanif:
Injiniya ka taɓo Bloodborne amma ka bar babbar matsalarsa. A Dark Souls kwalbar Estus, maganin da ke dawo maka da jini, tana cika da kanta duk lokacin da ka huta ko ka mutu. A Bloodborne kwalaben jini ƙarewa suke yi. Kana ɗaukar 20 a jiki, sauran suna ma'ajiya, kuma idan bos ya cinye maka su duka, dole ka bar shi ka koma wani wuri ka yi ta kashe ƙananan dodanni don tara wasu. Wato daidai lokacin da ka fara gane salon bos, wasan ya tura ka aikin da ba shi da alaƙa da faɗan. Maganinsa ɗaya ne: gwaji biyar ko shida na farko kada ka sha ko ɗaya. Ka shiga don kallo, ka ƙirga sarar da yake jerawa, ka ga wane ɓangare ne kaucewa ke aiki, ka bari ya kashe ka. Sai ka ga kana kai shi rabin jini ba tare da sha ba, sannan ka fara kashe kwalabe.

Dark Souls II na 2014 ya fi wannan tsanani ta wani gefen. Duk mutuwa tana rage iyakar jininka kaɗan kaɗan har ya kai rabi, kuma abin da ke dawo da shi ƙidayayye ne a farkon wasa. Wanda ya kasa da cikakken jini an ce ya sake gwadawa da ƙasa da haka. Ban ga hikimar hukunta mai koyo da abin da zai ƙara hana shi koyo ba.

Kwamanda:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Idan mutuwa ba ta da farashi, tsoro ya tafi, kuma tsoron nan shi ne rabin daɗin waɗannan wasannin. Lokacin da kake ɗauke da rayuka masu yawa a Dark Souls, wato kuɗin wasan da kake samu daga abokan gaban da ka kashe, ka san idan ka mutu sau biyu a jere ba ka kai inda suka zube ba sun tafi har abada, kowane lungu sai ka leƙa kafin ka shiga. Cire wannan, wasan ya zama yawo.

Maman Hanif:
Ban ce a cire farashi ba, Kwamanda. Rasa rayuka hukunci ne mai ma'ana, domin yana canza yadda kake tafiya, kuma an ba ka dama ɗaya ka ƙwato su. Amma tara kwalabe na minti ashirin me ya canza a yadda kake faɗa? Na farko yana sa ka kula, na biyu jira kawai yake sa ka.

Auta:
Yayyena ku yi haƙuri in sa baki da abin da ake yawan mantawa. Wani lokaci ba wasan ne ya yi wuya ba, talabijin ce. Wasa mai firem 60 a sakan yana canza hoto duk milisakan 16.7, mai firem 30 kuma duk milisakan 33.3. Mutum yana ɗaukar kamar milisakan 250 tsakanin ganin abu da danna maɓalli. To idan bos ya ɗaga takobi milisakan 400 kafin ya sauke, saura 150 ke hannunka. Talabijin da ke gyara hoto kafin ta nuna shi na iya cin milisakan 100 ko fiye. Ka ga an bar ka da 50. Za ka rantse ka danna a kan lokaci, kuma gaskiyarka, hoton ne ya iso maka a makare.

Kafin ka zargi wasa, duba waɗannan. Shiga saitin hoto na talabijin ka kunna Game Mode, saitin da ke rage makarar hoto, kuma ka tabbatar a kan ramin HDMI da na'urar take ka kunna shi, domin talabijin da yawa kowane rami da saitinsa. Kashe duk abin da ke santsar motsi. Idan wasan ya ba ka zaɓi tsakanin kyawun hoto da yawan firem, ɗauki firem a wasan da ke buƙatar tare sara irin Sekiro. Sai ka saki sandar kwantirola ka kalli allo: idan kyamara ko ɗan wasan na motsi da kansa, sandar ta fara zamewa, ka ƙara faɗin wurin da ba ta ji a saiti idan wasan ya yarda. Abin kunne na Bluetooth ma yana makarar da sauti, kuma akwai bos da ƙararsu ce ke fara sanar da sara.

Injiniya:
Madalla da Auta. Masu yin wasa nagari sun san da wannan gibin, shi ya sa suke yafe wa ɗan wasa a ɓoye. A Celeste za ka iya tsalle ko da ƙafarka ta ɗan bar bakin dutse, kuma idan ka danna tsalle gab da ka sauka, wasan yana riƙe dannawar ya aiwatar da ita da zarar ka taɓa ƙasa. Firem kaɗan ne, ido ba ya gani, amma su ne ke sa ka ji laifinka ne idan ka faɗi. Wasan da bai yi haka ba sai ka ji kamar maɓallin ne ya ƙi ji.

Zainabu_RPG:
Ni abin da ya fi ɓata min rai shi ne wahalar ƙarin lamba. Skyrim misali ne a fili. A matakin wahala na tsaka-tsaki, Adept, kana bugu ɗaya bisa ɗaya. A Legendary, mataki mafi wuya, bugunka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, nasu kuma ya ninka uku. Abokin gaban da sara 10 ke kayar da shi yanzu sai 40, amma dabararsa ba ta ƙaru ba ko ɗaya, haka zai taho maka kai tsaye kamar da. Sakamakon shi ne mutane su daina salon da suke so su koma harbi daga ɓoye ko su tsaya a kan dutsen da dodo ba ya iya hawa. Wahalar da ta rage maka hanyoyin wasa maimakon ta buɗe su, ba ta cancanci lokacinka ba. Sauke ta kawai, a tsakiyar wasa ma Skyrim ya yarda.

Sai batun sa'a. A XCOM 2 idan aka rubuta yiwuwar harbi ya samu 95% ce, harbi ɗaya cikin 20 zai kuskure, kuma wannan ɗayan ne mutum ke tunawa. Abin da ya fi muhimmanci: harbi biyar kowanne 80%, yiwuwar duka su samu kusan kashi 33 ne kacal. Wato sau biyu cikin uku aƙalla ɗaya zai ɓace. Duk shirin da sai kowane harbi ya samu zai yi aiki, rusasshe ne tun kafin a fara. Fara da gurneti, domin shi ba ya kuskure kuma yana rushe maɓoyarsu, ka bar soja ɗaya bai yi motsi ba har ƙarshe don ya toshe gibi.

Baba Tsoho:
'Ya'yana, wani ɓangaren wannan gado ne. Injinan wasa na shekarun 1980 da tsaba suke aiki, mutuwarka ita ce cinikin mai inji. Ghosts 'n Goblins na Capcom, 1985: bugu ɗaya sulke ya tafi, na biyu ka mutu, kuma ka kai ƙarshe a ce ka sake wasan duka kafin ka ga ƙarshen gaskiya. Da wasanni suka shigo gida, salon ya biyo su, saboda kaset ɗin ba ya ɗaukar abu da yawa, wuya ce ke tsawaita shi. Mataki na uku a Battletoads na 1991, na babur, haddar bango ce zalla, gudun ya fi ƙarfin gani. Driver na 1999 kuma kafin ka fara labarin sai ka yi jerin dabarun tuƙi a gareji cikin sakan 60, ba tare da an koya maka yadda ake yin su yadda ya kamata ba. An ɗora jarrabawa a gaban darasi.

Kasuwar tsabar nan ba ta mutu ba, waya ta koma. Candy Crush Saga rai biyar yake ba ka, kowane ɗaya minti 30 kafin ya dawo, kuma da motsinka ya ƙare saura ƙiris sai a nuna maka na saye. Idan wasa yana sayar da maganin wahalarsa, ka yi wa wahalar kallon tuhuma.

Sadauki88:
Baba ka tuna min da GTA San Andreas na 2004. Aikin bin jirgin ƙasa da Big Smoke, abokin da kake ɗauke da shi a babur yana harbin mutanen da ke kan jirgin, ya gagari mutane ne saboda wasan bai faɗi abu ɗaya ba: idan ka manne wa jirgin, harsashinsa jikin tarago yake samu. Ka matsa gefe, ka bar tazara, sai ya ga mutanen da ke sama. Ga shi babu zango a tsakiyar aiki, ka faɗi sai ka koma inda ake karɓar aikin. A GTA V idan ka kasa sashe sau uku ana ba ka damar tsallake shi.

Zainabu_RPG:
Tunda an zo kan sauƙaƙawa, yadda ake yinta ma ya bambanta. Hades yana da God Mode: ana rage maka illar bugu da kashi 20, duk mutuwa a ƙara 2, har 80. Mutuwa 30 ke nan kafin ka kai ƙololuwa, kuma yawanci hannunka ya faɗa kafin nan, sai ka kashe shi. Celeste yana barinka ka rage gudun wasan har zuwa rabi, ka haddace motsin a hankali, ka mayar da shi daidai. The Last of Us Part II ya rarraba wahalar gida gida: ƙarfinka daban, na abokan gaba daban, yawan kayan da kake tsinta daban, ɓuya daban. Wanda harbi ne matsalarsa ba sai ya sauƙaƙa komai ba.

Cuphead kuwa ya ba da matakin sauƙi mai suna Simple amma idan ka ci bos a nan ba a ba ka takardar da ke buɗe ƙarshen wasan, kuma an cire wasu matakan faɗan, don haka ko horo cikakke bai zama ba.

Kwamanda:
Na yarda da na Hades, domin kai ne ka kunna da hannunka. Wanda ban so shi ne na ɓoye, irin na Resident Evil 4 na 2005 da ke rage zafin abokan gaba idan kana yawan mutuwa ba tare da ya faɗa maka ba. Amma ga mai fama da bos yanzu haka: ɗauki bidiyon mutuwarka, PlayStation da Xbox duka suna ajiye abin da ya wuce da maɓalli ɗaya. Kalli sakan goman ƙarshe sau biyu. Yawanci za ka tarar sara ɗaya ce ke kashe ka kullum, ko kwaɗayin ƙara bugu na uku inda biyu ne ke da wuri, ko shan magani a gabansa maimakon bayan ya gama jerin sararsa. Idan gwaji uku a jere kowanne ya fi na baya muni, hannu ya gaji, tashi ka ba shi minti goma sha biyar.

Auta:
Yaya Kwamanda, ƙari ɗaya kan bidiyon: duba kyamara ma. A ɗaki matsattse da bos mai girma, kulle kyamara a kansa yana sa ta shige bango ko cikinsa, ba ka ganin hannun da ke sara. Saki kullen, ka tsaya a tsakiyar fili, ka juya ta da kanka.