'Yan tsakin Asil suna neman hallaka juna, yaya zan yi?

Assalamu alaikum masu kiwo. Ina kiwon kajin Asil, irin na Indiya da Pakistan da tun asali don faɗa aka raya su. Ni ba dambe nake sa su ba. Ƙirarsu da tsokarsu da jure zafin rana ne suka ja ni, kuma wajen kwanci da tsaron 'ya'ya ban ga uwa kamarsu ba. Ƙwai kam kaɗan suke yi, na haƙura da wannan.

Abin da ya isheni shi ne 'yan tsakin. Da sun kai mako 6 sai su kama saran juna a ka da ido har jini. Biyu sun mutu, ɗaya ido ya rufe. Na faɗaɗa akurki, na ƙara mazubin abinci da na ruwa, na rage haske, na shafa wa masu rauni shuɗin magani. Na cire mafaɗacin cikinsu, washegari wani ya gaje shi. Da na haɗa su da tsakin kajin gida kuwa, na gidan ne suka ji jiki.

Wanda ya taɓa kiwon su, don Allah a wane mako ake ware kowane namiji a kejinsa?