Abin da aka tattauna kan girma cikin ƙoshin lafiya

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar hira da aka yi kan yadda mutum zai tsufa cikin ƙoshin lafiya, ban ƙara gishiri ba.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Daga shekara 40 a riƙa auna jini da sukari ko da ana jin garau. Hawan jini ba ya sallama. Wasu sun ce wani ciwo daban ya kai su asibiti, aka tarar jininsu ya haura 140/90.
2. Motsa jiki. An kawo shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: aƙalla minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Wata ta ce kowace safiya takan tashi daga kujera ta koma sau goma ba tare da ta dafa komai ba, yanzu hawa bene ya daina ba ta wahala. Wannan dabarar ta fi burge ni.
3. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana.
4. Kaɗaici na cin mutum a hankali, musamman bayan yara sun watse ko an rasa abokin zama. A nemi mutane, kada a zauna jiran a neme ka.

Inda aka rabu:

Ritaya. Wasu na ganin hutu ya kama, wasu suka ce zaman banza ne ke saurin kwantar da mutum.

Komawa gidan 'ya'ya ma an ja daga sosai: masu cewa kulawa ce, da masu cewa dattijon da aka raba da ɗakinsa ya rasa 'yancinsa.

Ƙwayoyin bitamin kuwa, mafi yawa sun ce sai likita ya ga buƙata.