Wa Zai Riƙe Safar Baltimo: Rutschman ko Basallo?

Kawu Mai Tasi

Salamu alaikum. Kakar besbol ta 2025 ta ƙare, Orioles, ƙungiyar birnin Baltimo a Amurka, ta ci wasa 75, ta sha kashi 87. Tun shekaranjiya nake jin samari suna cewa a sayar da Adley Rutschman tunda an samu Samuel Basallo, su biyun duk masu cafe ne. Ga wanda bai saba da wasan ba, mai cafe shi ne wanda ke durƙushe bayan faranti, wurin da mai bugu ke tsayawa da gorarsa, yana tarar jifa da safar hannu, shi ne kuma ke zaɓa wa majefi irin ƙwallon da zai saki. Maganar ta tsaya mini a rai, ga abin da na ce.

Da sunan Rabbu zan fara,
Batun Baltimo zan tsara,
Ku matso kusa, ya ku yara,
Ku ji abin da ke damuna.

A 2018 mun sha wuya,
Kashi 115 ba kariya,
'Yan kallo suka juya baya,
Ni dai ina nan kan bencina.

Faɗuwar nan ce ta ba mu dama,
A zaɓen sabbin 'yan wasa na 2019 muka hau sama,
Adley na Oregon muka kama,
Na ɗaya a ƙasa duka, 'yan'uwana.

Mayun 2022 ya shigo,
Bugunsa na fari ya kai shi na ukun zango,
Sowa ta tashi har bango,
Ƙwalla ta cika idanuna.

Da shekara ta zagayo,
Wasa 101 muka ciyo,
Kambun Gabas muka janyo,
Wa ke bayan faranti? Gwanina.

Ku bugun gora kuke ƙirgawa,
Ni gwiwarsa nake dubawa,
Jifa ɗari da ɗori yake tarewa,
A dare guda, a kan idona.

Ƙwallo ta daki ƙasa ta yi tsalle,
Ya sa ƙirji ya tare ya kulle,
Ba ya barin ta ta sulale,
Mai niyyar gudu ya koma ya zauna.

In an fid da masu bugu uku an juyo,
Kan layi yake jiran majefi ya iso,
Ya dafa shi, su jero su taho,
Allon fili ba ya nuna wannan, ɗana.

Bana tsokar haƙarƙari ta kama shi,
Sau biyu ciwon ya kwantar da shi,
Don doki ya yi ɗingishi,
Sai a kai shi kasuwa? Ba da yawuna.

Ɗan Auta

Kawu, barka da dare. A yi mini afuwa, zan ɗan ja da kai.

Kawu na gaishe ka da ladabi,
Ban zo da niyyar raini ba.

Alherin Adley yana wuyanmu,
Ba mai cewa bai gani ba.

Sau biyu yana jerin taurari,
2023 da 2024, ban manta ba.

Amma tun tsakiyar bara,
Gorarsa ba ta dawo daidai ba.

Bana wasa 90 ya samu bugawa,
Cikin 162, bai kai biyu bisa uku ba.

Ga Basallo, yaro daga Santo Domingo,
Ɗan gida ne, ba baƙo ba.

Janairun 2021 aka ɗauko shi,
Yana da 16, gemu bai tsiro ba.

Dala miliyan 1.3 aka ba shi,
Orioles ba ta taɓa kai haka a can ba.

A Norfolk, ƙaramar ƙungiyarmu, ƙwallonsa ta yi ta haure katanga,
Sau 23, kakar ba ta ko ƙare ba.

Ran 17 ga Agusta aka kira shi sama,
Da cika 21 bai yi mako ba.

Kwana kaɗan aka miƙa masa takarda,
Shekara 8, miliyan 67, ba wasa ba.

Ina filinmu Camden daren da Dodgers suka zo,
Zagaye na tara, kunnen doki, ba a rabu ba.

Bahago ya jefo, Basallo bahago ya ɗaga gora,
Ƙwallon ba ta sake taɓa fili ba.

Wanda ke gefena ya rungume ni,
Ni da shi ba mu san sunan juna ba.

Dokin da aka saya da wannan kuɗi,
An saye shi don sukuwa, ba don turke ba.

Adley kuwa bayan kakar 2027,
Yana iya tafiya, ba a tsawaita masa ba.

In za a rabu, gara da sauran daraja,
A samo majefa, abin da ba mu da shi ba.

Yaya Mai Jinya

Kawu sannu da hutawa. Auta, baitinka na ƙarshe ya karye, amma na gane nufinka. Ni aikin asibiti nake, jiki nake fara kallo kafin alƙaluma.

Ku tuna Yuni da Yulin bana,
Masu cafenmu suna ta zubewa.

Adley ya kwanta da haƙarƙari,
Handley ya zo yana karɓewa.

Mai gudu ya yi karo da shi,
Kai ya bugu, sai fitarwa.

Tromp bayansa ya riƙe,
Sánchez gwiwa ta hana shi tsayawa.

Sai da aka nemo Stallings,
Aka karɓo Jackson daga Yankees da gaggawa.

Gidan da ya ga haka a kaka guda,
Shi zai ce masu cafe sun yi yawa?

Yulin 2024 na nan a raina,
Mai cafenmu McCann na tsaye yana bugawa.

Jifa ta same shi a fuska,
Hanci ya karye, jini na zubowa.

Aka cusa masa auduga, ya sauya riga,
Ya ɗau safa ya koma cafewa.

Wasa biyu ne a wannan rana,
Da ya fita, kan Adley nauyin ke faɗawa.

Auta, shi ma gwaninka mutum ne,
Ƙashin gwiwar hannunsa ya taɓa tsagewa.

Farkon 2024 abin ya faru,
A hannun da yake jefawa.

Ga shi dogo, ga shi da jiki,
Irinsu durƙuso ke saurin cinyewa.

Ku ɗora masa wasa ɗari da ashirin,
Shekara uku ku ga gora na sanyayawa.

Ina son yaron nan kamar ƙanena,
Shi ya sa ba na son a yi masa gaggawa.

Malamin Lissafi

Gaisuwa ga Kawu da Yaya. Auta ya zo da alƙaluma, bari in ƙara nawa.

Wasa 162 ke cikin kaka,
Ba gwiwar da za ta ɗauke su duka.

A ba Adley ɗari ko ƙasa da haka,
Sittin Basallo ya ɗauka.

Ranar da ɗaya ke riƙe da safa,
Ɗayan ya yi bugu zalla, ya huta ƙafa.

Ko Basallo ya tsaya a zangon farko,
Ya san wurin, tun Norfolk ya ɗauko.

Adley na bugu ta dama da hagu,
Kowane majefi ya zo, ba ya rugu-rugu.

Tun 2023 aka faɗaɗa zanguna,
Inci 15 ya koma 18, ɓarayin zango suka samu rana.

Daga faranti zuwa zango na biyu,
Ƙafa 127, a daƙiƙa kamar biyu.

Nan Basallo na da hannu mai ƙarfi,
Tarar ƙwallon ƙasa ce ke son ƙarin zurfi.

Kuma a 2026 sabuwar doka na tafe,
Alƙali ya yanke, sai a ji ta bakin mai cafe.

Ya taɓa hularsa, na'ura ta duba,
Dama biyu ce, in ya yi daidai ba a rage ba.

Wa ya fi sanin faɗin faranti,
Wanda ya shekara huɗu, ko sabon shiga kanti?

A Yulin 2025 ma an zaɓo wasu masu cafe biyu a baya,
Irish aka ɗauka na 19, Bodine na 30 daga baya.

Amma daga jami'a zuwa Camden da nisa,
Kada a ƙirga su tun ba su nuna ba a bisa.

Ɗan Auta

Yaya, na karɓi gyara, zancen ciwo,
Ban auna shi yadda ya kamata ba.

Malam, rabon naka ya yi mini,
In dai sittin ɗin ba za a rage ba.

Tsorona kada yaro ya zauna benci,
Ba a koyon cafe da kallo, ko ba haka ba?

Kawu Mai Tasi

Haka ne, Auta, Allah ya yi maka albarka. Ka tuna mini da abu biyu.

Wani dattijo na ɗauka a mota,
Hularsa ta Orioles ta tsufa ta fita,
Ya ce 1983 ba ya mantata,
Yana faɗi yana dafa kafaɗana.

Ya ce mai cafe Dempsey ba gwanin gora ba ne,
Amma da Phillies shi ne gwarzon, tabbas ne,
Kofin ƙarshe da muka ɗauka ke nan ne,
Har yau ba mu sake ba, ɗana.

Mai cafenmu Wieters ya tafi bayan 2016,
Aka ce Sisco ne magaji, a sha shida,
Yaro ya zo, gora ta ƙi faɗa,
A 2021 aka sallame shi, a kan idona.

Basallo ya fi shi, na yarda da kai,
Ƙarar gorarsa daban ce, ba musu sai dai,
A bar shi kusa da wanda ya san kai,
Na kowane majefi da ke zaune a rukunina.

Fabrairu za su hallara a Sarasota,
Majefa da masu cafe ke fara fita,
In Allah ya kai mu zan ajiye mota,
In je in ga su biyun da safa, da idona.