Tun da ciwon ya zo maigida ya canza, ni ce na kasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Bara aka gano ina da sankarar bakin mahaifa, na yi gashi (wato ƙona ciwon da na'ura) a Zariya, yanzu jiki da sauƙi alhamdulillah. Maigidana da can miskili ne na gaske, kuɗin cefane ma a kan firji yake ajiyewa ya fice, farkon aurenmu har yaji na yi saboda rashin hira, sai da kawunsa ya je biko. To tun da ciwon nan ya zo shi ke dama min kunu, shi ke min wanki, da dare mu yi ta hira kamar saurayi da budurwa. Amma na kasa barin ya kusance ni, ga tsoro ga zafi. Kuma na ji ƙwayar HPV, mai kawo wannan sankarar, ta saduwa ake ɗauka, abin ya tsaya min a rai. Rannan na ce ya ƙara aure, ya yi fushi ya daina min magana. Ya zan yi?

Hajiya Babba: 'Yata, daidai kika yi. Haƙurin namiji yana da iyaka, gara ki nemo masa da kanki kafin uwarsa ta nemo.

Maman Ilham: Hajiya a yi haƙuri, ni nas ce. Gashi yana busar da gaban mace ya kuma matse shi, daga nan zafin yake. Akwai man shafawa da abin buɗawa da ake bayarwa, ki tambaya a asibiti. Sankara ba ta kama miji ta saduwa. Ita kuma HPV takan yi shekara 15 zuwa 20 a jiki kafin ta zama ciwo, ba hujjar zargin kowa ba ce. In kina da 'ya mai shekara 9 zuwa 14, rigakafin HPV kyauta ne tun 2023.

Ummu Sadik: Ke dai ki gode Allah. Ni da aka min tiyatar haihuwa nawa yana can ɗaurin auren abokinsa a Kaduna, ƙanwata ce ta sa hannu.

Hajiya Babba: Man shafawa ba ya riƙe miji. Na zauna da kishiyoyi, na san abin da nake faɗa.

Mai tambaya: Hajiya ba wai na gaji da shi ba ne. Ba na so ya zauna da ni don tausayi kawai. Anti Maman Ilham, likitan nawa namiji ne, wallahi ba zan iya buɗe baki ba.

Maman Ilham: Ki nemi nas mace a sashen. Kin ma taɓa gaya wa maigidan zafi kike ji?

Ummu Sadik: Nawa har yau ko haƙuri bai ba ni ba.