Me ake nufi da dabba "sesil"?

Ɗalibar Birni: Assalamu alaikum malamai. A darasin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, an ce wasu dabbobi "sessile" ne. Ana nufin sun shanye ne, kamar mai ciwon shanyewar ɓarin jiki?

Malamin SVT: Wa alaikumus salam, ƴata. Ba cuta ba ce, halittarsu ke nan. Kalmar daga Latin take, tushenta "sedere", wato zama. Dabba sesil ita ce wadda ta manne wa dutse, itace ko ƙasan jirgin ruwa, ba ta iya tashi da kanta ta sauya wuri: soson teku, murjani, kawa. Sai dai yawancinsu sun yi yawo a ƙuruciya. Tsutsar kawa tana iyo mako 2 zuwa 3, sannan ta manna ɓawonta na hagu da wani ƙaro da take fitarwa, ba ta sake gusawa har mutuwa. Jikin kuwa yana motsi, tana buɗe ɓawo tana tace ruwa don samun abinci. Tafiya ce kawai babu. Wanda ya rubuta "ba ta motsi" a jarrabawa ya yi asarar maki.

Ma'aikacin Gona: Ba sai an je teku ba, Malam. A duba farin ƙwaron nan da ke rufe ganyen dabino kamar an barbaɗa toka. Macen da zarar ta soka baki ta fara tsotsa, ƙafafunta sai su lalace, ta lulluɓe kanta da ɓawo. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe ne ke rarrafe, su ma na ɗan lokaci. Shi ya sa feshi kan manya yake zama ɓarnar kuɗi, ɓawon ya tare maganin. Lokacin fitowar ƙananan ake jira.

Malamin SVT: Haka ne. A fannin tsirrai kuma ma'anar dabam ce: ganyen da ba shi da ƴar sandar da ke haɗa shi da reshe. Tsinko tumfafiya a bakin hanyar Mirriya ki gani, kusan zaune yake a jikin karan.

Mai Aikin Labo: Ƙanwata, kada ki haɗa da ƙwayoyin cuta irin su Shigella da Klebsiella. Su ba a manne suke ba, bulalar iyo ce ba su da ita. A madubin labo mai ƙara girman ƙananan abubuwa za ki ga suna karkarwa a wuri ɗaya, ƙwayoyin ruwa ne ke bugun su. Mai iyo na gaske yakan ratsa filin madubin daga gefe zuwa gefe.