Gajeren yini da barcin ma'aikatan ofis: mu ji ta bakin juna

Akanta, Landan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan ne hunturuna na uku a nan, kuma da zarar Nuwamba ya kama sai in ji kamar an canza ni. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. In fita cikin duhu, in dawo cikin duhu, 'yan awoyin hasken kuwa ina zaune gaban kwamfuta nesa da taga. Nakan yi barcin awa tara amma in tashi jiki a mace. Abin da ya fi damuna shi ne saurin fushi, abokin aiki ya yi mini 'yar tambaya sai raina ya ɓaci. Na daɗe ina zargin kaina da lalaci. Ni kaɗai ce?

Injiniya, Stockholm:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki daina zargin kanki. Mu nan Suwidin hasken Disamba kamar awa shida ne, kafin ƙarfe 3 rana ta faɗi. Shekarata ta farko ƙarfe 2 na yi ido yake fara rufewa, da dare kuma in yi ta juyi a gado.

Abin da na gane daga baya shi ne fitilar ofis tana yaudarar ido. Sai mutum ya ga ɗaki fes, alhali haskensa bai wuce luks 300 zuwa 500 ba (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). A waje kuwa, ko ranar da gajimare ya rufe sama, ana samun luks 1,000 ko fiye. Agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa da haske yake saita kansa, kuma hasken ofis ya yi masa kaɗan. Tun daga nan na daina zama a tebur lokacin hutun rana. Ko dusar ƙanƙara ake yi sai na yi tafiyar minti 30 a waje. Ban warke sarai ba, amma gyangyaɗin yamma ya ragu ƙwarai.

Ma'aikaciyar inshora, Toronto:
Yaya, tafiyar tana da amfani, amma ni ba ta ishe ni ba. Nawa ya wuce kasala. Na daina ɗaukar waya, kwaɗayin zaƙi ya kama ni, wata rana na shiga bayan gidan ofis na yi ta kuka ba tare da an yi mini komai ba. Da na je wurin likita ta ce ciwon damuwa ne mai bin yanayi, wanda suke taƙaitawa da SAD a Turance. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Norman Rosenthal, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1984. Wallahi jin cewa abin yana da suna ma kaɗai ya sauke mini nauyi.

Ta yi mini bayanin cewa jiki yana sakin sinadarin melatonin, mai jawo barci, idan duhu ya yi, hasken safe kuma shi yake tsayar da shi. In gari ya makara wajen wayewa, sai mutum ya isa ofis jikinsa bai gama fita daga dare ba. Yanzu ina zama gaban fitila mai luks 10,000 na minti 20 zuwa 30 da zarar na tashi. Da safe fa, domin wadda ta kunna da dare barcinta za ta kora. Kuma mai ciwon ido, ko mai larurar da ke kai mutum daga tsananin ƙunci zuwa tsananin zumuɗi, kada ya fara sai da shawarar likita.

Abin da har yau yake yi mini ciwo shi ne na roƙi shugabana ya matsar da ni kusa da taga, ya ce shagwaɓa ce.

Ma'aikacin banki, Manchester:
Ni dai fitilar ba ta yi mini komai ba. Wata biyu ina amfani da ita, gajiya na nan. Sai da aka gwada jinina aka ga ƙarancin bitamin D ne. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mai duhun fata kuma ya yi tunanin sha duk shekara. Don Allah kada a ɗora wa hunturu komai, a je a yi gwaji.

Sakatariya, Oslo:
Ba wanda ya ambaci bazara! Ni Yuni ne yake wahalar da ni. Ƙarfe 10 na dare gari da haske, ƙarfe 4 na asuba rana ta leƙo. Sai da na sa labule mai kauri na samu barci. Ga kuma canjin agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris, inda ake tura shi gaba da awa ɗaya, awa ɗayan nan da ake yanke mana sai in yi mako ina jin ta a jikina.

Shugaban sashe, Edinburgh:
'Yata ta Toronto, maganar shugabanki ta taɓa ni, domin ni ma na taɓa ɗaukar irin wannan roƙo da wasa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna ma'aikatan da ofishinsu yake da taga sun fi na ɗaki marar taga barci da kusan minti 46 a kowane dare. Da na karanta, na sa aka kwashe kabad ɗin fayil daga jikin tagogi, tebura suka koma wurin. Na kuma hana sa taro tsakanin ƙarfe 12 da 1 daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don kowa ya samu fita ya ga rana. Ko sisi ba mu kashe ba.

Akanta, Landan:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na nemi ganin likita don gwajin jini, gobe kuma zan fara fita da rana. Baba na Edinburgh, da wace irin magana zan tunkari shugabata kan batun taga? Ina tsoron kada ta ɗauka raki ne.